Ogan a filin Allah: abin da masu kiɗan gwaji ke nema cikin bututai 5,000

A tsakiyar lambun Balboa da ke birnin San Diyego, can kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, akwai wani dogon gini da ƙatuwar ƙofar ƙarfe ta rufe wa fuska. Duk ranar Lahadi, kafin ƙarfe biyu na rana, ana naɗe ƙofar nan sama, bututai masu ruwan zinariya su bayyana, a turo teburin makaɗi bakin dandali, a shafe awa guda ana kiɗa, ba a karɓar ko sisi a hannun kowa. Wannan shi ne ogan na Spreckels, babbar na'urar kiɗa mai bututai da iska ke busawa. 'Yan'uwa biyu attajirai, John da Adolph Spreckels, waɗanda gidansu ya yi arziki da sukari, su suka ba birnin shi kyauta. An buɗe shi ranar ƙarshe ta shekarar 1914, ana gobe za a fara babban baje-kolin murnar kammala mashigin ruwan Panama. Kamfanin Austin na birnin Hartford ne ya ƙera shi. Ya fara da bututu wajen 3,400, aka yi ta ƙara masa har ya haura 5,000, kuma da ƙarin baya-bayan nan ne ya karɓe kambun ogan mafi girma a sarari daga hannun na garin Kufstein a Ostiriya, mai bututu 4,948.

Kusan duk kiɗan ogan da duniya ta gada, tun daga na Bach, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, har zuwa na manyan makaɗan majami'un Faransa, an tsara shi ne da tunanin ɗaki mai bangon dutse da rufi mai tsawo. Da zarar an fito da na'urar waje, rabin abin da mai tsara kiɗan ya dogara da shi ya tafi. Shi ya sa nake ganin masu kiɗan gwaji, wato masu neman sababbin sautuka a wajen hanyoyin da aka saba, waɗanda mutane da dama ke yi wa kallon 'yan hayaniya, su ne suka fi kowa dacewa da irin wannan ogan. Su ne kaɗai ke farawa da tambayar da ta kamata: wannan na'ura, a wannan wuri, cikin wannan rana da wannan iska, wane sauti ke cikinta da ba a taɓa fitarwa ba?

Ogan mai bututu iska ce ransa. Injin lantarki ke hura ta a yau, a da kuwa mutane ne ke taka zuga-zugi har gumi ya jiƙa su. Iskar na taruwa cikin akwatin da bututai ke zaune a kai, kowane bututu da ɗan marufinsa a gindi. Makaɗi ya danna maɓalli, marufi ya buɗe, iska ta shiga, bututu ya yi magana. Kowane bututu murya ɗaya tak gare shi, ba ya hawa ba ya sauka, dalilin da ya sa ake buƙatar dubbai ke nan. An jera su sahu-sahu, kowane sahu da irin launin muryarsa, da makunnin da makaɗi ke taɓawa don ya shigo da shi ko ya fitar da shi. Bututan iri biyu ne. Akwai masu baki, waɗanda iska ke bugun leɓensu ta tsage yadda take yi a sarewa, akwai kuma masu ɗan harshen tagulla da ke karkarwa a gindi, dangin algaita. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita a ƙofar fada, ya ga yadda yake cika kumatu yana jan numfashi ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba, ya riga ya gane babban sirrin ogan. Muddin yatsa na kan maɓalli kuma inji na aiki, muryar ba ta raguwa, ba ta gajiya. Ganga da garaya da fiyano, da an buga sautinsu ya fara mutuwa. Na ogan sai an sake shi.

A cikin babbar majami'ar dutse, idan makaɗi ya ɗaga hannu, sautin kan ci gaba da yawo tsakanin bango da rufi na daƙiƙa biyar ko shida, wani wurin ma fiye. Wannan amon da ke jinkirin tafiya shi ke narkar da muryoyi su zama abu guda, ya toshe 'yar kafar da ke tsakanin wannan maɓalli da na gaba, ya ara wa ƙananan bututai kaurin da ba nasu ba. Maƙeran ogan sun san da haka, har sukan ce ɗakin shi ne makunni mafi muhimmanci a jikin na'urar. A waje babu wannan gata. Sauti in ya fita ya tafi ke nan. Duk sanda nisa ya ninka, ƙarfinsa na faɗuwa da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, iskar sarari kuma ta fi cinye siraran muryoyi a kan masu kauri, don haka na bencin gaba da na can baya ba abu ɗaya suke ji ba. Gudun sauti kusan mita 343 ne a daƙiƙa, wato wanda ke nisan mita 70 yana jin kiɗan ne kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa bayan faruwarsa. Kuskuren yatsa kuwa ba shi da maɓoya.

Maƙera sun tunkari wannan matsala da ƙarfi. Sun ƙara matsin iska fiye da na ogan ɗin coci, sun gyara bakin bututai don su yi amo mai kai wa nesa, sun sa ginin kansa ya zama abin tura sauti gaba. A San Diyego ma sai da aka juya fuskar ginin arewa don kada rana ta riƙa dukan bututan, abin da ya sa 'yan kallo ne ke fuskantar ranar, suna fakewa a ƙarƙashin laima.

Ba kuwa a coci aka haifi ogan ba. Wani injiniya mai suna Ktesibiyos ne ya ƙirƙiro shi a Iskandariya ta Masar a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, da ruwa a matsayin abin daidaita matsin iska. Romawa sun kaɗa shi a filayen wasanni, cikin ihun dubban mutane. A 1931 an tono ragowar wani ƙarami a kangon garin Akwinkum, cikin Budafes ta yau, mai bututu 52, ɗauke da rubutun da ya nuna shekarar 228. Sarakunan Kustantiniya sun riƙe shi a matsayin kayan sarauta, har ɗayansu ya aika wa Sarki Pepin na Faransawa da guda a 757. A Bagadaza ta ƙarni na 9, 'ya'yan Musa bin Shakir su uku sun rubuta bayanin wata na'urar busa da ruwa ke juyawa tana kiɗa da kanta, akwai kuma rubutun Larabci da ake jingina wa wani Muristus, mai siffanta ogan da aka ce ana jin sa daga nisan mil 60. Ko da an zuzuta adadin, ya nuna abin da mutanen da ke buri: murya mai cika gari. Shigar ogan majami'a ta zo ne daga baya, kuma can ne ya koyi ladabin ɗaki.

Kiɗan gwaji a kan ogan ya ɗauki sabon salo a farkon shekarun 1960, kuma sunan da ba a tsallakewa shi ne György Ligeti, ɗan Hangari da ya tsere zuwa Ostiriya a 1956. Aikinsa mai suna Volumina, wanda ya kammala a 1962, ba shi da karin da za a rera, ba shi da bugun da za a taka. Takardar kiɗan ma zane ce ta baƙaƙen layuka, masu kauri da sirara, da ke nuna faɗin maɓallan da za a danne da tsawon lokacin. Makaɗi na kifa damatsansa a kan maɓallai, makunnai a buɗe, ɗaruruwan bututai su yi ruri lokaci guda. Sai mataimaka su riƙa zare sahu suna mayar da sahu, curin sautin yana sauya launi, yana kauri yana sirancewa, ba tare da an ji inda wani abu ya fara ko ya ƙare ba. A ƙarshe ana kashe injin iska alhali maɓallai na danne, bututan su yi ta shaƙewa, muryarsu na zamewa ƙasa har numfashin ya ƙare. A wajen share fage a birnin Gotenbag na Suwidin, nauyin ya fi ƙarfin lantarkin ogan ɗin har ya ƙone. Labari ya kai birnin Biremen na Jamus, inda aka shirya gabatar da aikin, hukumar majami'ar ta janye izininta, sai abin da aka naɗa a faifai aka saka wa jama'a.

Bayan shekara biyar, a wani gajeren aiki mai suna Harmonies, Ligeti ya nemi ogan mai ƙarancin numfashi da gangan, har makaɗi Gerd Zacher ya yi amfani da injin zuƙe ƙura a madadin injin hura iskar. Abin da aka gano yana da ban mamaki. Bututun da bai ƙoshi da iska ba yana huci, yana fito, yana rawar murya, yana faɗawa kan sautukan da ke tsakanin maɓalli da maɓalli, waɗanda ba su da gurbi a takardar kiɗa. Maƙera sun shafe ɗaruruwan shekaru suna korar waɗannan sautuka a matsayin aibi. Ligeti kuwa ya ɗauke su a matsayin dukiya.

John Cage, Ba'amurke, ta ɓangaren lokaci ya ɓullo. A 1987 ya rubuta wa ogan wani aiki da umarnin a kaɗa shi a hankali iya yadda zai yiwu. Bayan rasuwarsa a 1992, wasu makaɗa da masana suka ɗauki umarnin da gaske, suka fara kaɗa shi a tsohuwar majami'ar Burchardi da ke garin Halberstadt na Jamus ranar 5 ga Satumba 2001, da niyyar gamawa a 2640, wato shekara 639. Wata 17 na farko shiru ne. Ƙananan buhunan yashi ne ke riƙe da maɓallan, kuma sauyin murya da aka yi a Satumba 2020 ya zo ne bayan kusan shekara bakwai ana jin abu ɗaya. Fiyano ba zai iya wannan ba, goge ba zai iya ba, maƙogwaron ɗan'adam ballantana.

To, idan aka kwaso waɗannan dabaru aka kawo su gaban ogan irin na San Diyego, nan take ake cin karo da wani cikas da ba kowa ke lura da shi ba. John Austin, ɗan asalin Ingila da ya kafa kamfanin da ya ƙera shi, ya yi suna ne da wata ƙirƙira da ya yi wa rajista a shekarun 1890: maimakon ƙaramin akwatin iska, sai ya gina ɗaki sukutum cike da iska mai matsi, bututai na zaune a kan rufinsa. Mai gyara na shiga ta ƙofa biyu, sai ya rufe ta farko kafin ya buɗe ta biyu. Kunnuwansa su ɗan toshe, ya tsaya a tsaye cikin iskar da bututan ke sha, ya ɗaga kai ya ga marufai suna buɗewa suna rufewa a samansa yayin da makaɗi ke aiki a waje. Manufar wannan ƙira ita ce kada iska ta taɓa gazawa, ko bututu nawa aka buɗe lokaci guda. Wato ainihin abin da Ligeti ke nema, numfashi mai rauni da tangaɗi, shi ne abin da Austin ya ƙare basirarsa wajen hanawa.

Akwai cikas na biyu. A tsofaffin ogan da ake haɗa maɓalli da marufi ta siraran sandunan katako, makaɗi na iya danna maɓalli rabi, ko ya ja makunni rabi, iska ta ɗan tsiyaya, bututu ya yi magana ƙasa-ƙasa da baƙuwar murya. Da dama daga cikin masu wannan kiɗa a Turai a yau da wannan suke aiki, kuma a Amsterdam akwai cibiyar Orgelpark da ta gina ogan musamman don a iya sarrafa yawan iskar da ke shiga bututu. Manyan ogan na waje kuwa lantarki ke kai saƙo daga maɓalli zuwa marufi, shi kuma lantarki abu biyu ya sani, a buɗe ko a rufe. Saboda haka mai gwaji ya rasa ɗaki, ya kuma rasa rabin kayan aikinsa. A ganina wannan rashin ne ke tilasta masa ya yi tunani na gaske, maimakon ya maimaita abin da aka yi a Suwidin a farkon shekarun 1960.

Abu na farko da ya rage masa shi ne karon muryoyi. Idan bututu biyu suka kusa daidaita amma ba su daidaita ba, a ce ɗaya na kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, ɗayan 443, kunne ba ya jin murya biyu. Murya ɗaya yake ji tana kumbura tana sacewa sau uku a kowace daƙiƙa. Maƙera kan yi wannan da gangan a wasu sahu don su ba kiɗa taushi. Mai gwaji kuwa sai ya ɗora 'yan guntayen dalma a kan maɓalli uku ko huɗu, ya janye hannunsa, ya bar su minti biyar, minti goma. Da farko mai sauraro na jin kamar ba abin da ke faruwa. Can sai kunne ya fara rarrabewa: ga wani bugu mai sauri a sama, ga wani mai nauyi a ƙasa da ke zuwa sau ɗaya a daƙiƙa biyu, ga inda suke haɗuwa su rabu. A shigo da sahu ɗaya, duk lissafin ya sauya. Kiɗa ne mai bugu, amma ba wanda ke bugawa. Cikin ɗakin dutse amon bango kan dagula wannan saƙa, a sarari kuwa zarenta na fitowa ɗaya-ɗaya, kuma wannan na cikin 'yan wuraren da rashin bango ya zama riba.

Na biyu shi ne can ƙasa. Babban bututun ogan irin wannan tsawonsa ƙafa 32 ne, kusan mita goma, yana kaɗawa wajen sau 16 a daƙiƙa. Kunnen ɗan'adam daga wajen 20 yake fara jin abu a matsayin murya. Abin da ke ƙasa da haka ƙirji ne ke jin sa, da benci, da tafin ƙafa. Tsawon igiyar wannan sauti ya kai mita 21, ƙananan ɗakuna ba sa ma iya ɗaukar ta yadda ya kamata. Akwai kuma wata dabarar da aka sani tun zamanin Tartini, mai gogen Italiya na ƙarni na 18: a busa bututu mai ƙafa 16 tare da mai ƙafa 10 da biyu bisa uku, kunne ya ji muryar bututu mai ƙafa 32 wanda ba a taɓa ba. Kunnen ne da kansa ke haifar da ita. Mai gwajin da ya ƙware yana iya tsara kari sukutum da irin waɗannan muryoyi da babu bututun da ya fitar da su.

Na uku shi ne rana, kuma nan ne ogan na waje ya bambanta da kowane. Iska mai zafi ta fi saurin ɗaukar sauti, don haka idan gari ya ɗumama muryar bututai masu baki na hawa. Ƙarin digiri goma na ma'aunin Salsiyos kan ɗaga su kusan kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin maɓalli da maƙwabcinsa. Masu harshen tagulla kuwa da kyar suke motsawa, domin harshen ne ke yanke musu murya. Sakamakon haka ogan ɗin da aka saita da sanyin safiya, kafin la'asar dangin nan biyu sun ɗan juya wa juna baya, har bututan da ke kusa da ƙofa su saɓa da na can ciki. Ga mai kaɗa Bach wannan ciwon kai ne, kuma mai kula da na'urar na shan aiki a kai. Ga mai riƙe dogayen muryoyi kuwa, saurin bugun nan da na ambata zai riƙa sauyawa da kansa yayin da rana ke sunkuyawa. Aikin da aka fara da yamma aka kai shi bayan magariba, ƙarshensa ba zai yi kama da farkonsa ba ko da ba a taɓa maɓalli ko ɗaya ba. Da dare kuma, idan ƙasa ta huce ta bar iska mai ɗumi a sama, sauti kan lanƙwaso ƙasa ya kai nesa fiye da yadda yake kaiwa da rana.

Nisa ma kayan aiki ne. Ogan na Kufstein, wanda aka gina a 1931 don tunawa da waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, bututansa na cikin hasumiyar tsohuwar ganuwa a kan dutse, teburin makaɗi kuma na can ƙasa. Kullum da tsakar rana ana kaɗa shi, garin duka na ji, har ƙauyukan kewaye. Makaɗin na danna maɓalli, sai an jima kaɗan sautin ya sauko masa, domin kowace mita 100 na cin kusan kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa. Duwatsun da ke kewaye kuma na mayar da amsa-kuwwa, kowanne a nasa lokaci. Kiɗa mai sauri a irin wannan wuri yaƙi ne da nisa. Amma a tsara gajerun sautuka da dogon shiru a tsakani, a bar dutse ya amsa, sai kwarin gaba ɗaya ya zama ɗakin da aka rasa. A San Diyego ma akwai jerin ginshiƙai masu lanƙwasa a dama da hagu na dandalin, kuma idan murya ɗaya ta daɗe a iska, taku biyar zuwa gefe na iya sauya abin da kunne ke kamawa. Shi ya sa irin wannan kiɗa ya fi kyau a ji shi ana tafiya a hankali, abin da ba a yi a zauren da aka sayi tikitin kujera.

Sai jirage. Lambun Balboa na kusa da hanyar da jiragen sama ke bi su sauka a filin jirgin San Diyego, suna wucewa ƙasa-ƙasa, ga kuma ƙararrawar hasumiyar lambun da ke buga lokaci. Makaɗin gargajiya zaɓi biyu gare shi, ya ƙara ƙarfi ko ya haƙura har jirgi ya wuce. Wanda ya shimfiɗa doguwar murya mai kauri kuwa, rurin jirgin na shigowa ya ratsa ta, ya zame ƙasa yayin da yake nisa, ya bar ta yadda ya same ta. Cage ya daɗe yana cewa sautin duniya ba abokin gabar kiɗa ba ne. A cikin zaure mai rufaffiyar ƙofa wannan magana ra'ayi ce da mutum zai ɗauka ko ya bari. A fili kuwa dole ce, ko an yarda ko ba a yarda ba jirgin zai wuce.

Akwai ƙorafin da nake ɗauka da nauyi. Ogan na Spreckels dukiyar jama'a ce. Birnin na da muƙamin makaɗin gari tun zamanin Humphrey Stewart, wanda ya fara riƙe shi, har zuwa Carol Williams, mace ta farko a kujerar, da Raúl Prieto Ramírez ɗan Sifen da ya karɓa a 2018. Waɗanda ke zama a bencinan nan tsofaffi ne, da iyaye masu tura keken jarirai, da baƙi 'yan yawon buɗe ido. Ba su zo don a gwada haƙurinsu ba. Ogan na waje kuma ba shi da ƙofar da za a rufe, maƙwabcin da bai nemi kiɗa ba shi ma yana sha. Wanda ya sami dubban bututai a hannunsa ya ga ba abin da zai yi da su sai ya buɗe duka ya danne, don a ce ya girgiza gari, ni ban ga gwaji a aikinsa ba. Ƙara ita ce abu mafi arha da wannan na'ura ke bayarwa, kowa na iya samun ta a minti ɗaya. Abin da ke da tsada shi ne a sa mutum ɗari biyar da ba su san sunan Ligeti ba su yi tsit suna bin bugun da ke tsakanin bututu biyu. Wannan na yiwuwa, amma sai makaɗin ya girmama su: ya yi musu bayani a taƙaice kafin ya fara, ya gaya musu abin da za su kasa kunne gare shi, ya ba su izinin tashi su zagaya. Fili na da wata alfarma da zaure ba shi da ita, wanda bai ji daɗi ba na iya tafiya ba tare da ya kunyata kowa ba, wanda ke wucewa kuma na iya tsayawa ba tare da ya yi niyya ba.

Sannan ga lafiyar na'urar kanta. Cikin ogan akwai fata mai laushi da katako da dalma da wayoyi, duk suna fama da ƙura da laimar teku da sauyin zafi fiye da shekara ɗari. Tun 1988 akwai ƙungiyar masoya ogan ɗin da ke tara kuɗin kula da shi da shirya kiɗan daren Litinin na lokacin bazara. Idan mai kula da shi ya ce ba za a kashe inji a kunna sau goma a jere ba, ko ba za a cire bututu daga gurbinsa ba, ba ƙiyayya da sabon abu ba ce, ya san abin da gyara ke ci, labarin Gotenbag kuma ba tatsuniya ba ne. Mai gwajin kirki da wannan mutumin yake fara zama, domin shi ya san sahun da ke saurin hawa idan rana ta yi, da bututun da ke jinkirin magana, da kusurwar da sauti ke taruwa. Ilimin da ake buƙata don fitar da sababbin muryoyi rabinsa na hannun mai gyara.

Wasu sun bi wannan tunani har ƙarshensa, suka cire makaɗin gaba ɗaya. A gaɓar birnin Zadar na Kuroshiya, mai zanen gine-gine Nikola Bašić ya binne bututu 35 a ƙarƙashin matakalar dutse mai tsawon mita 70, aka buɗe a 2005, igiyar ruwan teku ce ke tura iska cikinsu dare da rana. A San Faransisko ma akwai makamancinsa tun 1986. Ina son waɗannan ayyuka, sun kuma koya wa dubban mutane zama su saurari abin da ba shi da kari. Sai dai ba na sa su a sahu ɗaya da abin da ake yi a kan ogan mai makaɗi. Teku ba ya zaɓa. Abin da ke riƙe ni a kiɗan gwaji shi ne akwai mutum a zaune da ya ji jirgi na tahowa, ya ji rana ta ɗaga masa wani sahu, ya yanke shawara a wannan daƙiƙar ko ya ƙara murya ko ya jira.

Yawancin masu karanta wannan ta intanet za su gamu da irin wannan kiɗa, don haka ya kamata a san abin da ke ɓacewa a hanya. Lasifikar wayar hannu ba ta fitar da komai daga muryoyin can ƙasa, bututu mai ƙafa 32 a wajenta kamar babu shi. Abin sawa a kunne mai kyau na dawo da wani ɓangare, amma ba ya girgiza ƙirji. Makirufo kuma a wuri ɗaya yake tsaye, alhali aikin an yi shi ne don kunnen da ke yawo. Masu naɗa kan kafa makirufo da dama, ɗaya kusa da bututai, ɗaya tsakiyar benci, ɗaya can bayan fili inda hayaniyar lambu ta fi yawa, daga baya wani ya zauna ya auna yawan abin da zai ɗiba daga kowanne. Wanda zai saurara ya nemi wuri mara hayaniya, ya sa abin kunne, kada ya tsallaka gaba, ya ba shi aƙalla minti goma, domin kunne kan ɗauki 'yan mintoci kafin ya daina neman kari ya fara kama bugun da ke tsakanin muryoyin.